Dokar da Ba Ta da “Sai Dai”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni Farfesa, shugaban masana kwamfuta na ƙasa baki ɗaya, ina ofis da safen nan labari ya iske ni: Nafi'u ɗan Malam Sale na Tofa ya rasu. Hatsarin mota, a hanyar Kano.

Aikinsa koya wa kwamfuta tunani irin na mutane: ta ɗauki abu a yadda aka saba, in sabon bayani ya zo ta janye maganarta ba gardama. Tsuntsu yana tashi, sai dai jimina.

Yana da wani aboki a ƙauye, Habu, shashasha, allo kaɗai ya yi. Tare suka yi kiwon awaki. Nafi'u ya wuce jami'a, Habu yana gona yana cizon yatsa. Ranar da Nafi'u ya dawo da laftof, Habu ƙaiƙayi ya zuba masa a riga.

Duk da haka in ya zo gida Habu yake fara nema.

“Mutumina, zo ka ɓata min doka. Tsuntsu yana tashi.”

“Kazar Inna fa?”

“Tana ɗan taɓawa.”

“Wadda aka ɗaure wa ƙafa?”

“Sai dai ita.”

“Wadda na cinye da Sallah?”

Nafi'u ya yi ta dariya yana shigar wa na'urar.

Haɗuwarsu ta ƙarshe ranar kasuwa ce, ya saya wa Habu rake. Habu ya ce, “Na'urar nan ta ƙwace min kai. Dama duk ɗan boko mantawa yake da abokinsa.”

Nafi'u ya ce, “Sai dai ni.”

Yau masu manyan muƙamai sai saka hotunansu da shi suke a shafukan sada zumunta, wannan ɗalibina, wancan abokin aikina. Cikinsu wa ya san yana tsoron ƙadangare? Habu ko hoto ɗaya ba shi da shi.

Kowane rai zai ɗanɗani mutuwa. Tun safe nake nema wa wannan “sai dai”. Babu.

Allah Ya jiƙanka Nafi'u, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Innarka haƙuri.

Babu wani Farfesa. Ni ne Habu. Ofishin garken awaki ne, sunan shafin nan nawa ma ɗazu na canja. Da sunana kuka gani da kun wuce, don kun saba duk abin da na rubuta tsokana ce.

Kuna da gaskiya. Sai dai yau.

Don Allah ku yi masa addu'a.