Hoton Baba a Sabuwar Tabilet

Hoton mahaifina guda ɗaya ne tak a duniya. Wani ɗan'uwanmu ne ya ɗauka da ƙaramar waya a gonarmu ta Kwali, shekarar da zai rasu. Yana cikin tsohuwar tabilet ɗina, wadda fuskarta ke dishi-dishi, in kana kallon ƙwallo sai ka rantse cikin kunu 'yan wasan ke gudu. Amma batirinta jarumi ne, har mantawa nake inda na ajiye caja. Duk zuwan da Inna za ta yi gidana a Garki, kafin ta sha ruwa sai ta ce, "Ina mutumin?" In miƙa mata, ta zauna tana kallon hoton.

Sai na ga wata sabuwa a hannun abokin aikina, fuska tar, kana iya ƙirga gashin girar sauro. Na garzaya shago. Mai shagon ya ce, "Oga, wannan cin caji take kamar mai buɗa-baki, kuma ba ta rufa wa tsohon hoto asiri." Na ce masa ai ni ma na yi boko. Ya kwashe min hotunana zuwa sabuwar, ya karɓi tsohuwar.

Ran da Inna ta zo, na buɗe mata ina washe baki. Ta duba, ta goge gilashin tabilet ɗin da bakin mayafi, ta sake dubawa.

"Wane ne wannan?"

"Haba Inna, Baba ne mana."

"Kai dai. Babanka ba da bulo aka gina fuskarsa ba."

Na leƙa. Gaskiyarta. Abin da tsohuwar ke shafewa ya zama inuwa mai laushi, sabuwar ta fito da shi ɓaro-ɓaro: kumatu 'yan akwatuna, idanu ɗigo biyu baƙaƙe. Ashe hoton bai taɓa ɗaukar fuskarsa duka ba. Rabi ne, ragowar Inna ke cikawa da nata sanin, dishi-dishin nan ne ke bar mata wuri.

Na koma shagon, an riga an sayar da tsohuwar.

Da na dawo, na rage hasken sabuwar, na jingina ta a kan firji, na ja kujerar Inna baya har bakin ƙofa. Ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo.

"To, ga shi nan," in ji ta. "Haka yake in ya taho daga gona, tun daga nesa na san shi ne. Bar ni a nan, kada ka matso da shi."