Maɗacin Rami na Tara

Muna zaune a Barnawa lokacin, maigidana yana ma'aikatar gona. Maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan kwangila, shi ya ja shi kulob ɗin golf da ke ƙetaren gada. Ni ban taɓa gane daɗin bin ƙwallo kamar ƙwan zabo cikin rana ba, amma tun da ya fara, hawan jininsa ya lafa, yana dawowa gida da fara'a. Da suka ga shuka ce sana'arsa, sai suka ɗora masa kula da filin.

Sau ɗaya na je, ranar rabon kyauta. Abin da ya tsaya mini a rai wani ƙaton maɗaci ne a gefen rami na tara, cikin ramukan da ake jefa ƙwallon. Nan ake hutawa, nan masu salla ke shimfiɗa darduma in la'asar ta riske su.

Wata Asabar ina tankaɗen gari na ji motoci sun tsaya, sai ga Alhaji da ciyaman na kulob, sallamar ma a tsaye suka yi ta. Na kai ruwa falo, ba wanda ya dube shi.

"Malam, da hankalinka?" in ji Alhaji. "Bishiyar da ta girmi ubana!"

"Alhaji, inuwarta ce ke kashe ciyawar," in ji maigidana. "Saiwarta ta shanye ruwan wurin kaf. Kullum ku ke kukan ramin nan ya koma tsakar gida."

Ciyaman, wani dattijo mutumin Kagoro, ya buga cinya. "Mun ce ka gyara ciyawa, oga. Wa ya ce ka kawo zarto? Mai ciwon kai ya zo asibitinka, ka cire masa kan!"

Sai a nan na gane. Ya sa an sare maɗacin ranar da kowa ke ofis, bai tambayi kowa ba. Innalillahi! Mutumin da ke hana yara tsinke ganyen gwaibarmu?

Da suka tafi na kasa yin shiru.

"Baban yara, itacen da ake salla a ƙarƙashinsa? Tsuntsayen da ke kai fa?"

"Da na tambaya ba za su yarda ba," ya ce. "Suna son inuwa, suna son ciyawa shar, wuri ɗaya. Ba ya yiwuwa."

"To ai filinsu ne."

Ya dube ni kamar ni ma da su muka zo.

A mitin na gaba aka karɓe aikin daga hannunsa. Ba a kore shi ba, sai dai in ya je ba mai cewa zo mu buga tare. Hajiyar Alhaji, wadda muke zuwa kasuwa tare, ta koma gaishe ni ta saman katanga. Duk a kan ciyawa, manyan mutane masu jikoki.

Bayan damina Alhaji ya tare maigidana a ƙofar masallaci, ya ce ramin ya yi kyau, ba a taɓa ganinsa haka ba, amma har gobe ranar wurin na cin ƙeyarsa kuma bai yafe ba. Ya ce ya zo ya gani da idonsa. Maigidana ya ce in sha Allahu. Asabar ta zo, na shirya masa abin kari da wuri, na goge masa hula. Ya ci, ya ɗauki rediyo, ya ja kujera baranda ya zauna.