Kolombiya Tana Bayan Kongolam

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Idi, amma rediyonsa tana nan a kan tagar zaure, da tsumman atamfar da ya ɗaure murfin batirinta da shi. Lokacin da yake raye, ni ce mai riƙe masa eriya, saboda a cikin jikokinsa ni kaɗai ce ba na surutu lokacin labarai. 'Yar Shiru yake kirana.

Kaka bai taɓa wuce Kano ba, amma akwai wani shugaban ƙasar Kolombiya da ya ɗauka tamkar ɗan unguwarmu. Ya san tarihinsa kaf. Ɗan babban gida ne, ya yi aikin jarida, ya zama ministan tsaro ya yaƙi 'yan tawayen daji. Da ya hau mulki kuma sai ya zauna teburi ɗaya da su yana neman sulhu. Abokan siyasarsa suka juya masa baya. Idan aka ambace shi, Kaka yakan ɗaga yatsa ɗaya, ko tari ba a yi.

Kakata, Inna, ba ta ji sosai da kunnen hagu. Ita a jinta Kongolam ake cewa, garin da ke bakin iyaka, inda Baffa Sale ƙanin Kaka yake zaune. Su biyun sun yi shekaru ba sa gaisawa a kan wata tsamiya da ke kan iyakar gonakinsu na gado. Ko suna aka yi a gidanmu, Baffa ba ya zuwa. Ni ban ma san fuskarsa ba.

Wata safiya Inna ta kawo kunu ta tarar ana labarin sulhun. Ta ajiye kwano ta ce, "Malam, wai Kongolam ɗin har yanzu ba a daina rigima ba?"

"Kolombiya aka ce! Sai an ƙetare teku."

"To ko ma ina ce. Mutumin da aka kashe wa sojoji ya zauna da maƙiyansa, kai tsamiya ta hana ka zama da wanda kuka sha nono ɗaya."

Kaka ya yi dariya har hularsa ta karkace. Amma na lura bai sha kunun ba, ya yi ta juya ludayi.

Da aka kai yarjejeniyar sulhun gaban jama'ar Kolombiya suka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a'a suka yi rinjaye da kaɗan. Shugaban bai yi zuciya ba, ya koma ya gyara ta. A makon ne Kaka ya sa farar rigarsa ya hau bayan babur ya nufi Kongolam. Da la'asar ya dawo da goron da ya tafi da shi, Baffa ya ƙi fitowa. Inna ta karɓi goron ta ajiye. Shi kuwa ya ce, "Ai can ma sai da aka ce a'a tukuna." Ran Juma'a ya sake komawa. Wannan karon su biyu suka dawo, suna gardama a kan wanda ya fi tsufa a fuska. Na ga Baffa yana da irin wushiryar Kaka.

Bayan rasuwar Kaka na ji a rediyon nan cewa wani tsohon ɗan tawaye ya ci zaɓen shugabancin Kolombiya. Na so a ce yana nan. Na san zai bugi cinya ya ce, "'Yar Shiru, kin ji ikon Allah!" An ce har yanzu akwai sauran rikici a can, kuma na san hakan ba zai ba shi mamaki ba. Shi da Baffa ma ba su daina musu ba har ya koma ga Allah, sai dai a tabarma ɗaya suke yi.

A gidanmu yanzu, idan mutum zai je ba da haƙuri, cewa ake yi ya tafi Kolombiya. A zangon karatun da ya wuce muka ɓata da ƙawata Hadiza. Na tattaro ƙarfin hali na gaishe ta, ta ɗauke kai. Na dawo gida ina share hawaye, na tarar da Baffa Sale ya kawo mana tsamiyar bana, rabonmu. Da Inna ta gaya masa, sai ya ce, "Sau ɗaya kawai? Yayana sau biyu ya zo."

Washegari na ƙulla tsamiya a leda na koma wurin Hadiza. Ta karɓa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa ya huta.