Kwalin Ashana na Ƙarshen Layi

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da na ga layinmu na Hausari a cikin faranti ba.

Gidanmu ne na ƙarshe a layin, kuma a kwari yake. Duk damina ruwa sai ya kwanta a gindin ɗakin Iya, mahaifiyata, ɗakin ƙasa da ta rantse ba za ta bari ba tunda a ciki mahaifinmu ya rasu. A shekarar bangon ya tsage har yatsa na shiga. Da na ga hadari sai in kasa zaune in kasa tsaye. Maƙwabta kuwa kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da siminti, ya ce ya huta. Na yi faɗa da su har na gaji. Ni dai bakina ba ya shiru, shi ya sa ba mai saurarona.

Rannan aka ce wata malama ta zo ƙofar mai unguwa za ta yi bayanin sauyin yanayi. Iya ce ta matsa in raka ta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hankalina yana kan bango, ina ta tsaki a raina.

Malamar ta cika babban faranti da yashi, ta ɗan karkata shi, ta jera kwalayen ashana, ta ce gidajenmu ne. Ta tsiyaya ruwa a hankali da buta, yashi ya shanye. "Haka ruwan sama yake a da," in ji ta. "Yanzu zafi ya ƙaru, ruwa a lokaci guda yake zubowa, ga shi mun sare bishiyoyi." Sai ta raba curin laka, ta ce kowa ya kare gidansa.

Wani Alhaji mai shago a Kasuwar Kwastam, wanda dokin ƙofarsa ya fi na kowa tudu, ya gina wa kwalinsa katanga yana dariya. Saura suka bi sahu. Kafin a zo kan kwalin ƙarshe laka ta ƙare. Malama ta juye butar gaba ɗaya. Ruwa ya kauce wa kowane gida, ya taru a kan na ƙarshen, ya jiƙa shi sharkaf har ya kife.

Iya ta leƙa ta ce, "To, ga ɗakina. Alhaji, ruwanka ya iso lafiya."

Na buɗe baki zan ɗora, ta mintsine ni.

Alhaji ya daina dariya. Ya ce, "Wallahi Iya, ni na ɗauka gaba yake wucewa."

"Ni ce gaban, ɗana."

Hawaye suka zubo mini, don na tausaya mata ƙwarai. Malama ta ja layi da yatsa a gefen kwalayen, ta sake zuba ruwa, ya bi hanyar ya fice.

Ana yayyafi maza suka fito da shebur suna yashe kwatar da shara ta toshe, Alhaji a gaba, ya naɗe wando har gwiwa. Ruwan ranar mai yawa ne, amma bangon bai faɗi ba. A ɗakin nan Iya ta ƙarasa kwanakinta.

Abin da na koya shi ne, ruwan da ka kora daga ƙofarka ba sama yake komawa ba, ɗakin wani yake shiga. Kuma abin da masifata ta kasa nuna wa mutane, buta ɗaya ta nuna musu.