Wasiƙun Kawu da Na Zubar

Jiya 'yata ta dawo daga laburare da wani tsohon littafin yara. Ina buɗewa, ƙamshin takardar ya tuna mini da Kawu.

Ya haura shekara arba'in kafin ya iya karanta Turanci, kuma da littattafan yara ya koya, a bayan teburinsa na sayar da huluna. Daga nan ya shiga neman tsofaffin bugunsu, yana rubuta wa marubutan wasiƙar godiya. Wasu suka amsa masa da hannunsu, har da ɗan zanen zomo a gefen sa hannun. Ba ya taɓa wasiƙun sai ya wanke hannu. Yakan ce, "Malamaina ke nan."

Wata Lahadi a ɗakinsa na unguwar Parkchester, nan Amurka, ya zaro guda ɗaya, duk ta koɗe.

"Zauna, Hadiza, in karanta miki da bakina."

"Kawu, sai wani zuwan. Zan makara aiki."

Zuwana na gaba, gaisuwar rasuwarsa ce.

Bayan sadakar bakwai muka kwashe ɗakin yadda muka saba: takarda mai rubutun Larabci a ɗaga ta sama a adana, ta boko kuwa a tura leda. Littattafan muka raba wa maƙwabta. Ledar wasiƙun, ni na ɗaure bakinta na kai shara, ban ko leƙa ba.

Har yau ban san me waccan wasiƙar ta ce ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya ba ka littafinka a hannun dama, ka karanta shi da bakinka, babu mai sauri.