Wayar da Aka Bari a Hannuna

Ƙashina aka huda, amma mijina aka yi wa bayani. Wannan abu har yau bai bar cina ba, kuma ba zan ce ya wuce ba don a ce ina da haƙuri.

Farkon damina ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Sanyinna. Na hau rumbu zan ɗebo dawa, tsani ya zame, na faɗo a kan gwiwar hannuna ta dama. Maɗori ya ɗaure da karare, hannu ya kumbura ya yi baƙi, sai aka sa ni a motar kaya zuwa asibitin birni. Can suka sa ni barci, suka huda ƙashin, suka zura waya biyu don su riƙe shi. Da na farka na ga bakin wayoyin sun leƙo ta fata, an lanƙwasa su kamar ƙugiya.

Ranar sallama likita ya zo da tafinta. Ina kwance ina kallonsu, suka ja maigida bakin ƙofa suka yi ta magana. Ni ko kallo ban samu ba. A mota na tambaye shi me suka ce, ya ce, "Sun ce Allah shi ƙara sauƙi."

Na ɗauka wayar ta zama tawa ke nan har kabari. Da hannun hagu na yi ta tuƙa tuwo, aka yi noma, aka yi maimai, gero ya nuna. Bakin wayar ya fara ruwa, daga baya ya koma mugunya. Ƙuda na bina ko'ina. Goyon yarona ya gagare ni, hannun kuma ya ƙi miƙewa.

Ana gobe gayyar girbinmu, da la'asar, sai ga maigida ya shigo da wanzami. Wanzamin ya shimfiɗa zabirarsa, ya fito da awartakin da ya aro a maƙera.

Na ce, "Sarkin aska, wa za a yi ma kaciya da wanga?"

Ya yi dariya. "Uwargida, wayar ga za mu zare. Kamar cire ƙaya ne, kafin ki ce wayyo an gama. Ai maigida ya ce likita cewa ya yi a maishe ki a cire tun gero bai fid da kai ba. Ga shi har an makara."

Na juya na dubi maigida. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsa.

Na ce, "Malam, haka likita ya ce?"

Ya ce, "Ke, damina fa muke ciki. Wa za shi bar gona shi tafi birni? Wa za shi yi ma 'yan aiki abinci?"

"Jakinka da ya yi ɗingishi, ba rannan ka bar gona ka kai shi Tambuwal ba?"

"Ki yi a hankali, da baƙo a gidan."

"Baƙon da ya san ranar cire wayata ni ban sani ba?"

Wanzami ya fara tattara kayansa. Na ce masa in awartakin nan ya kusanci hannuna, da shi zan cire masa haƙoran gaba. Ya ce, "A'a, ni aski na sani," ya fice ko takalmi bai sa daidai ba.

Na ji haushin maigida, amma na fi jin haushin masu farar riga. Hausa nake ji sarai, tafinta kuma Hausa yake yi. Kalma nawa ce, a ce mini ki dawo lokaci kaza? Sai da na tsufa na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma ko lokacin da nake asibitin kunnuwana lafiya suke.

Washegari 'yan gayya suka wuce gona da ganga. Ban hura wuta ba. Na miƙa wa ƙanwata yaron, na rataye hannun da gyale, na bi hanyar Tambuwal da ƙafa don in tari motar birni. Ban nemi izinin kowa ba.