Sunan 'Yata Ranar Wasan Ƙarshe

Ko zan manta da komai na zamana a Amurka, ban da sunan 'yata ta fari. Har yau in na tuna sai na yi dariya, amma a makon nan wallahi ko abinci ba ya shiga.

Lokacin muna zaune a Lanham, ina aikin injiniya a wani ofishi cikin Washington. Da haihuwa ta matso, surukata ta taso daga Katsina don ta kula da 'yarta. Hajiya dama can ba ta son zamanmu a nan. Tun a mota daga filin jirgi take leƙen titi tana cewa, "Ikon Allah, gari duk motoci, ina mutanen?" Da matata ta sauka lafiya ranar wata Lahadi a ƙarshen Janairun 2012, sai Hajiya ta yanke hukunci, ta hannun matata ta aiko mini: za ta ga taron suna. In ta ga muna da jama'a, to. In kuwa ba mu da kowa, da ita da 'yarta da jaririyar za su koma Katsina, ni na bi su in na ga dama. Kuma Hajiya ba ta magana biyu.

Ban damu ba. Na kama ɗakin taro a Landover, na gayyaci duk Bahaushen da na sani, na sa taro bayan magariba ranar Lahadin suna. Na san Amurkawa na da wata ƙwallo tasu da ake runguma a ƙirji ana gudu, amma tun ƙarshen Disamba na ji abokan aikina suna jimamin cewa ƙungiyar garinmu ta gama. Da na ji suna maganar wasan ƙarshe na kakar 2011 kuwa, sai na ɗauka labarin bara suke yi, tunda ga mu a sabuwar shekara.

Ranar Laraba waya ta fara. Wannan ya ce yara sun ƙi, wancan ya ce maƙwabci ya riga ya gayyace su, wani ya ce zai leƙo da rana ya yi barka ya wuce. Hankalina ya tashi, na kira wani dattijon likita, ɗan Gusau, wanda ya daɗe a ƙasar ƙwarai. Sai da ya yi dariya har da tari.

"Injiniya, ranar wasan ƙarshe ka sa taro? Ai ko gobara ka yi ranar, sai an tafi hutun rabin lokaci za a zo maka!"

Na ce, "Haba Likita, ba an gama ba?"

"Taku ce ta gama, kaka ba ta gama ba."

Ranar Juma'a ya zo gida yi wa Hajiya barka, ni kuwa na raɓe a bakin ƙofa kaina ƙasa. Na so ya rufa mini asiri, sai ga shi ya zayyane mata komai. Ya ce a Agusta ake wasannin gwaji, waɗanda ba a lissafa su. A Satumba ake fara na gaske, kowace ƙungiya sau ɗaya a mako, galibi ranar Lahadi, kuma kowacce tana da mako guda na hutu. A Janairu waɗanda suka yi fice suke karawa, wanda aka ci ya tafi gida, har a rage biyu su haɗu a farkon Fabrairu. Kakar kuma da shekarar da ta fara ake kiranta, ko da ta tsallaka wata.

Abin da ya gagare ni shekara da shekaru, Hajiya nan take ta gane. Ta ce, "Yo ai rogo ke nan. A dasa bara, a tone bana, kuma rogon bara ake ce masa." Ta juya wajen Likita. "Wato ranar girbinsu ce. Mutanen ba ƙin ku suka yi ba?"

Likita ya ce, "Ko kaɗan, Hajiya."

"To ba a ɗaga suna, kuma ba a hana mutum girbinsa. A kai musu talabijin ɗin can. Zan gani da idona."

Haka aka yi. Likita ya sa aka ɗauko ƙatuwar talabijin ɗinsa, aka sake buga wa kowa waya. Duk da haka da na shiga ɗakin taron na ga kujeru a jere babu kowa, sai na koma bakin ƙofa ina leƙen hanya. Ana idar da magariba sai ga su, mota bayan mota: 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Kumasi, da yaransu sanye da manyan riguna masu lamba a kan kaftani. Wasu har da maƙwabtansu Amurkawa suka jawo, aka cika su da masa da dambun nama. Liman ya yi addu'a a taƙaice, yana shafawa yana satar kallon agogo.

Da aka fara wasa ɗakin ya kaure da ihu. Hajiya na gefen mata da jaririya a cinya, tana ta tambaya, "Wai wannan ƙwallo ce ko kokawa? Kai, ku ɗaga shi mana, ɗan mutane ne!" Amma na lura ba talabijin take yawan kallo ba. Matan da ke karɓar jaririyar hannu zuwa hannu take kallo, da waɗanda suka naɗe hannun riga suna kwashe kwanuka ba wanda ya sa su.

Ba ta ce mini komai ba sai ranar da na kai ta filin jirgi bayan arba'in. Ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Na ga jama'arku. Na bar maka amana." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Yarinyar ta girma yanzu, kuma har gobe in Hajiya ta bugo waya sai ta ce a ba ta 'yar rogon bara. Abin da na koya shi ne, in ka zauna da mutane, ka san ranakunsu kamar yadda kake so su san naka. Ni na yi shekaru ina wuce nasu ban tambaya ba, saura ƙiris ya ci mini iyali.